Ƙetare Iyakar Ƙasa da Babur: Darasi ga Matafiya daga Lau da Sauran Garuruwan Nijeriya

Gabatarwa

Garin Lau yana bakin kogin Binuwai a Jihar Taraba, arewa da Jalingo. Wannan kogi kuwa daga ƙasar Kamaru ya taso, ya bi ta Garwa, ya shigo Nijeriya ya wuce Yola da Numan kafin ya iso Lau, sa'an nan ya ci gaba zuwa Ibi da Makurɗi har ya haɗu da kogin Kwara a Lakwaja. A zamanin mulkin Turawa jiragen ruwa na kamfanonin ciniki sukan hau kogin da damina, su tsaya a Lau su yi lodin amfanin gona, waɗansu su zarce har Garwa. Yau an daina ganin waɗannan manyan jirage, amma ciniki da zumunci tsakanin mutanen ɓangarorin biyu suna nan, kuma babur ne ya ɗauki kaso mai yawa na wannan zirga-zirga, domin yana shiga inda mota ba ta shiga.

Ga magidanta da yawa babur shi ne jarin gida gaba ɗaya. Wani hatsin shekara ya sayar ya saye shi, wani kuwa uban gidansa ya ba shi yana biya a hankali. In aka riƙe wannan babur a wata ƙasa saboda rashin takarda guda, to, abincin iyali ne aka riƙe. Saboda haka ya wajaba kowane mai niyyar fita ƙasar waje da babur ya san cewa takardun tafiya kashi uku ne, watau na mutum, da na babur, da na kaya, kuma kowane kashi yana da ma'aikatan da doka ta ɗora wa alhakin duba shi.

Yadda iyakar ta samu

Mutanen wannan yanki suna da dalilin ganin kamar iyakar baƙuwa ce. A ƙarni na 19 Yola da Garwa da Banyo duk suna cikin ƙasar Adamawa, wadda Modibbo Adama ya kafa. Turawan Ingila da na Jamus ne suka raba ƙasar a tsakaninsu. Bayan da aka kori Jamus daga Kamaru a 1916, Ingila da Faransa suka sake shata wata iyaka, Ingila ta riƙe wani siririn yanki tana mulkinsa tare da Nijeriya. A watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanen arewacin wannan yanki suka zaɓi Nijeriya, suka shigo ranar 1 ga Yuni 1961, aka kira wurin Lardin Sardauna. Ta haka ne Gashaka da tsaunin Mambila suka zama Nijeriya, daga baya suka faɗa cikin Jihar Gongola a 1976, sa'an nan Jihar Taraba da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991.

Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci kan iyakar Nijeriya da Kamaru tun daga Tafkin Chadi har teku, aka kuma kafa kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu wanda ya yi ta kafa ginshiƙan siminti a kan iyakar. Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce, ko da harshen da ake yi a ƙauyen gaba shi ne nasa, ko da ƙanwar mahaifiyarsa ce ke aure a can, da zarar ya wuce ginshiƙin nan ya zama baƙo, kuma dokar wata ƙasa ce ke kansa.

Iyaka iri biyu

Babban kuskuren da matafiya ke yi shi ne ɗaukar dukan maƙwabtan Nijeriya ɗaya. Ba haka abin yake ba.

Nijeriya tana cikin Ƙungiyar Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, wadda aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayu 1975. A watan Mayu 1979 shugabanninta suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya ingantacciya da shaidar rigakafi. Da wannan ne ɗan Nijeriya yake shiga Jamhuriyar Benin da Togo da Ghana. Jamhuriyar Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, amma a ranar ƙungiyar ta ba da sanarwa cewa za a ci gaba da mutunta zirga-zirgar jama'arsu har sai an sake shawara. Mai zuwa Maraɗi ta Jibiya ko Birnin Ƙonni ta Illela sai ya tambayi ofishin shige da fice halin da ake ciki kafin ya tashi.

Kamaru kuwa, wadda ita ce ke iyaka da Taraba, ba ta cikin ECOWAS. Tana cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya mai suna CEMAC, tare da Chadi da Gabon da sauransu. Yarjejeniyar da ke tsakanin Nijeriya da Kamaru su biyu ce ta ɗauke wa ɗan Nijeriya biza in ziyarar ba ta wuce kwana 90 ba. Amma duk takardar da aka yi domin ƙasashen ECOWAS kaɗai, ba a tilasta wa ma'aikacin Kamaru ya karɓe ta ba.

Kashi na farko: takardun mutum

Na ɗaya shi ne fasfo. Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ce ke ba da shi, ita ce kuma aka ware daga rundunar 'yan sanda a 1958, tana aiki a ƙarƙashin dokar 2015. Tana da ofishi a Jalingo kamar sauran manyan biranen jihohi, kuma mai neman fasfo sai ya fara mallakar lambar shaidar zama ɗan ƙasa. Akwai wata ƙaramar takarda, shaidar tafiya ta ECOWAS, wadda ta fi fasfo arha, amma amfaninta cikin ƙasashen ƙungiyar ne. Mai zuwa Banyo ko Garwa fasfo ya kamace shi. Ya kuma duba ranar ƙarewarsa tun a gida, kada wa'adi ya cika yana ƙasar mutane.

Na biyu shi ne katin rigakafin ciwon shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke bayarwa. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba abin da za a bari sai daren tafiya ba ne. Tun daga watan Yuli 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Waɗansu sukan sayi katin jabu a tasha ba tare da an yi musu allura ba. Mai yin haka ya yi hasarar kuɗinsa, ya aikata laifi, ya kuma bar jikinsa a buɗe ga cuta mai kisa wadda sauro ke yaɗawa.

Na uku shi ne lasin tuƙi na rukunin A, wanda shi ne na babur. Yawancin masu babur a karkara ba su da shi, suna ganin na masu mota ne. A ƙetare kuwa shi ne abu na farko da ake tambaya. Mai tafiya mai nisa zai ƙara da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda aka rubuta cikin harsuna da dama har da Faransanci. Wanda aka goyo a baya shi ma sai ya riƙe nasa fasfo da nasa katin rigakafi, gama takardun matuƙi ba su rufe shi.

Kashi na biyu: takardun babur

A nan ne masu babur suka fi shiga wahala. Abubuwan da ake bukata su ne rasit ɗin saye, da takardar shaidar mallaka, da lasin babur na shekara wanda bai ƙare ba, da lamba a maƙale a jikinsa, da inshora. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci takardar rajistar abin hawa ana ce mata carte grise, kuma in ma'aikaci ya ambaci wannan kalma, takardun mallaka yake nufi.

Kafin tashi, mai babur ya durƙusa da kansa ya karanta lambar inji da lambar da aka buga a ƙarfen jikin babur, ya gwada su da abin da ke rubuce a takarda, harafi bayan harafi. Sau da yawa makaniki yakan canza inji ko murfinsa ba a gyara takarda ba. A Lau, inda kowa ya san kowa, wannan ba ya jawo magana. A shingen jandarmomi kuwa, babur da lambarsa ta saɓa wa takarda babur ɗin sata ne har sai an tabbatar da akasin haka.

Haka kuma sunan da ke takardar mallaka ya zama shi ne na cikin fasfo. In babur na hannu ne aka saya, a yi takardar ciniki da shaidu, a canza sunan mai shi a ofishin lasin. In kuwa na uban gida ne ko na ɗan'uwa, mai shi ya rubuta takardar izini da ta ambaci sunan matuƙi da lambar babur da ƙasar da za a je, a kai kotu a yi rantsuwa a buga hatimi.

Inshorar da doka ta wajabta a Nijeriya ita ce wadda ke biyan diyya ga wanda aka buge ko aka ɓata wa dukiya. Domin ƙasashen ECOWAS an kafa tsarin katin inshora mai ruwan ƙasa a Kwatano a 1982, wanda ke sa inshorar gida ta yi aiki a ƙetare. Wannan kati ba ya aiki a Kamaru. Ƙasashen CEMAC suna da nasu, mai ruwan hoda, wanda suke kira carte rose. Mai shiga Kamaru sai ya sayi inshorarsu daga kamfani mai rajista a gari na farko da ya samu, ya karɓi rasit. In tsautsayi ya sa ya buge yaro ko dabba ba shi da inshora, shi da babur duka za a riƙe har sai an biya.

Kashi na uku: kaya da kuɗi

Duba kaya aikin Hukumar Kwastan ne, wadda ke aiki da dokar 2023, kuma reshenta mai kula da Adamawa da Taraba yana Yola. Kayan sawa da guzuri ba su da haraji, amma kayan sayarwa sai an bayyana su. Jarkokin man fetur da suka wuce bukatar tafiya fasa-ƙwauri ne, kuma sau da yawa akan kama su tare da baburan da suka ɗauko su. Makami, da ƙwayoyi masu sa maye, da fatu ko naman dabbobin dawa da aka hana farauta, suna kai mutum kurkuku a kowane ɓangare. Matafiyi kada ya karɓi saƙon ƙunshi wanda bai buɗe ya gani da idonsa ba, ko da daga hannun aboki ne, domin a gaban shari'a mai ɗauke da kaya shi ne mai kaya.

Game da kuɗi, sefa iri biyu ce. Ta Kamaru da Chadi daban take da ta Nijar da Benin, ko da yake darajarsu ɗaya, kuma ba a kashe ta wannan yanki a wancan. Sai mai canji ya faɗi ƙasar da za shi.

Zaɓen hanya

Daga Lau hanya biyu ce sananna zuwa Kamaru. Ta kudu tana bi ta Jalingo da Garba Chede da Bali da Serti, ta hau tsaunin Mambila ta Mayo Selbe zuwa Nguroje da Gembu, daga nan a nufi ƙauyukan bakin iyaka da ke kallon ƙasar Banyo. Hawan yana da kwana-kwana masu haɗari, ga hazo da sanyi, gama a wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Birki da taya da fitila sai an tabbatar da lafiyarsu tun a Serti. Hanya ta biyu tana bi ta Numan da Yola zuwa gabas, ta nufi Garwa. Da damina ruwa yakan yanke hanyoyin ƙasa, musamman in an saki ruwan madatsar Lagdo, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022.

Wajibi ne kuma a yi tambaya game da zaman lafiya. Tun daga 2017 rikici ya ɓarke a yankunan Kamaru masu amfani da Ingilishi, har 'yan gudun hijira suka kwararo cikin ƙananan hukumomin Takum da Ussa da Kurmi da Sardauna. Hukumomi kuma sukan hana hawan babur baki ɗaya saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Maiduguri a 2011 da yankin Diffa na Nijar a 2015. Iyaka ma kanta akan rufe ta: Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta kuma rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Matambayi ba ya ɓata.

A bakin iyaka

Ya kamata a isa da rana, a tsaya tun kafin shinge, a kashe inji, a cire hular kwano domin a ga fuska. A ɓangaren Nijeriya ma'aikatan shige da fice za su buga hatimin fita a fasfo, ma'aikatan lafiya su duba kati, kwastan su duba kaya su rubuta fitar babur. A ɗaya ɓangaren 'yan sandan iyaka za su buga hatimin shiga, ma'aikatan duwan, watau kwastan nasu, su ba da takardar izinin shigar da babur na ɗan lokaci, wadda ake kira laissez-passer ko passavant. Wannan takarda ita ce shaidar cewa babur baƙo ne, zai koma gida. Tana da wa'adi, kuma wanda ya bari ta ƙare, ko ya sayar da babur a can ba tare da biyan haraji ba, ya karya dokar kwastan. Kafin barin tebur, matafiyi ya duba hatimi da kwanan wata da lambar babur da aka rubuta, domin gyara a nan ya fi sauƙi.

A wuraren nan akwai 'yan kamasho masu cewa za su gama wa mutum komai nan take. Fasfo ba a miƙa shi sai ga ma'aikaci mai kayan sarki, a cikin ofis.

Mu'amala da 'yan sanda da jandarmomi

Ɗan sanda yana da ikon tsayar da mai babur ya tambayi lasin da takardu, ya kuma bincika kaya in yana da dalilin zargi. Hakkin matafiyi ne a gaya masa laifinsa in an kama shi. Beli kyauta ne a ofishin 'yan sandan Nijeriya, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Hular kwano wajibi ce, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta ranar 1 ga Janairu 2009.

A Kamaru da Nijar, ban da 'yan sanda akwai jandarmomi, waɗanda tsarinsu na soja ne, su ne kuma aka fi gamuwa da su a hanyoyin karkara. Tuƙi duk ta hannun dama ne, kamar yadda Nijeriya take yi tun 2 ga Afrilu 1972. Sallama da murya ƙasa-ƙasa suna gajarta tsayuwa. Wanda ba ya jin Faransanci ya nemi tafinta, gama Fulatanci da Hausa suna tafiya a kasuwannin arewacin Kamaru, kada kuma ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a fassara masa ba. Ba a ɗaukar hoton shinge ko bariki. Ba a kuma gudu in an ɗaga hannu, domin a yankin da ake fama da 'yan bindiga, babur mai gudu daga shinge yana iya jawo harbi.

Duk kuɗin da doka ta sa a biya yana da rasit. In an nemi kuɗi, matafiyi ya tambaya cikin ladabi na mene ne, ya nemi rasit. Mai cikakkun takardu yana iya haƙuri ya jira, mai giɓi a takardunsa shi ne ke saurin sa hannu a aljihu. A dokar yaƙi da cin hanci ta shekarar 2000, mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne. Wanda aka zalunta a Nijeriya ya riƙe sunan wuri da rana da lokaci da sunan da ke ƙirjin ma'aikacin, ya kai ƙara ga sashen karɓar koke na rundunar 'yan sanda ko Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975. Wanda aka tsare a ƙetare yana da hakki, bisa yarjejeniyar Vienna ta 1963, ya nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Nijeriya tana da babban ofishi a Yawunde, da ƙanana a Duwala da Buea.

Ɓarauniyar hanya

A ɗauka samari biyu sun tashi daga Lau zuwa biki a Banyo. Na farko ya bi ta ofis, ya ɓata rabin yini, ya biya abin da aka rubuta masa a rasit. Na biyu ya bi ta daji, ya riga shi isa. A rana ta uku aka sace baburansu duka biyu a bakin kasuwa. Na farko ya tafi wurin jandarmomi da hatimi a fasfonsa da takardar duwan mai ɗauke da lambar inji, aka rubuta ƙararsa, aka baza lambar a shingaye. Na biyu kuwa in ya je, tambayar farko ita ce ta ina ya shigo, kuma amsarta za ta mai da mai ƙara ya zama wanda ake tuhuma. Wanda ya shiga ƙasa a ɓoye ba shi da wurin kai kuka, ko an yi masa fashi, ko ya yi haɗari, ko ya rasu a can danginsa suna nema.

Dawowa gida

A ranar komowa a mayar wa duwan takardarsu, a karɓi hatimin fita, sa'an nan hatimin shiga Nijeriya. Wanda ya tsallake wannan, littafinsu zai nuna har yanzu yana ƙasarsu da babur ɗinsa, kuma zai gamu da wannan a tafiya ta gaba. Yana da kyau a yi kwafin kowace takarda kashi biyu, ɗaya a jaka cikin leda saboda ruwa, ɗaya a bar wa iyali tare da sunan garin da za a sauka da ranar da ake sa ran dawowa.

Ana roƙon hakimai da dagatai da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa su karanta wa jama'arsu wannan bayani, musamman waɗanda ba su iya karatun boko ba.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne ne kashi uku na takardun tafiya, kuma su wane ne ke duba kowanne?
2. Me ya sa katin inshora mai ruwan ƙasa ba ya aiki a Kamaru?
3. Kwana nawa bayan allura katin rigakafin shawara ke fara aiki?
4. Me ya kamata mutum ya yi in babur ɗin da zai hau ba da sunansa yake ba?
5. Wace hasara mai bin ɓarauniyar hanya yake yi ko da ba a kama shi ba?